Ciwon baya ba ya jin ƙwaya, aikin gida yake so

A lakwal-lakwal ɗin ƙasar nan, daga Yamai har Damagaram, da wuya ka shiga ka rasa malami ko malamar da ba ta iya miƙewa daga kujera sai ta dafa tebur. A gidaje ma haka abin yake. Uwa ta duƙa ta yi shara, ta ɗago da hannu a ƙugu. Uba ya koma yin salla a zaune tun bai cika hamsin ba. In ka tambaya a ce maka baya ne. Ka ce me ake yi masa, a ce ana shan magani. Ka dawo baɗi, har yanzu ana shan magani.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Ciwon bayan da ya daɗe, wanda ya haura wata uku, muna yi masa maganin da bai dace da shi ba. Muna zuba kuɗi a ƙwaya da hoton radiyo da ɗamara, mu kwanta muna jiran ya wuce, alhali abin da ya fi yi masa aiki shi ne wanda muka fi rainawa: motsa bayan bisa tsari, ƙarƙashin koyarwar wanda ya karanci aikin, wato kine, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira likitan gashin ƙashi. Ko wurin kinen ma, yawancinmu tausa muke zuwa nema, mu kwanta a yi mana mu tashi mu biya. Tausa tana da amfaninta, amma ƙaramin kaso ce a cikin maganin. Babban kason yana hannun mai ciwon.

Me ke ciwo a bayan?

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 843 nan da 2050. Babu wata lalura a duniya da ta kai shi hana mutane gudanar da harkokinsu. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne wannan: a cikin goma, kusan tara ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ga ta. Babu karaya, babu ƙari, babu ƙwayar cuta a ƙashi. Ciwon yana fitowa ne daga tsoka da jijiyoyi da gaɓoɓin da ke kewaye da ƙasusuwa biyar na ƙasan gadon baya.

Shi ya sa hoton radiyo ko sikana ba kasafai yake warware zancen ba, wani lokaci ma ƙara dagula shi yake. Tsakanin ƙashi da ƙashi a gadon baya akwai wani faifai mai taushi kamar matashi. A 2015 wasu masana suka tattara binciken da aka yi a kan hotunan bayan mutanen da babu abin da ke damunsu. Suka tarar a cikin ƴan shekara 20, kashi 37 cikin 100 faifan nan nasu ya fara nuna alamar tsufa. A cikin ƴan shekara 80 kuwa, kashi 96 ne. Dukansu lafiyarsu lau. Ke nan yawancin abin da hoto ke nunawa furfura ce ta ciki. Amma malami ya biya jika-jika, aka miƙa masa takarda cike da manyan kalmomin Faransanci, aka ce masa bayansa ya lalace. Daga ranar ya daina duƙawa, ya daina ɗaukar ɗansa, ya fara tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka.

Nan ne ciwon ke samun gindin zama. Bayan da ya riƙe don an ɗaga buhu ko an yi doguwar tafiya a kabu-kabu yakan lafa cikin ƴan makonni. In tsoro ya shiga, mutum ya bi karin maganar nan ta da muguwar rawa gara ƙin tashi, sai tsokar ta yi rauni, gaɓoɓin su sage, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su zama kamar karen da aka daɗe da ɗaurewa, ko ganye ya motsa sai haushi. Rashin barci da damuwa, ta albashin da ya makara ko ta bashi, suna ƙara wa haushin ƙarfi. Ciwon na gaske ne, babu mai cewa raki ne. Sai dai tsananinsa ba shi ne ma'aunin ɓarnar da ke cikin bayan ba. A nan karin maganar ta kuskure, domin ƙin tashin ne muguwar rawar.

Kuɗin da ƙwaya ke karɓa daga baya

Kowa ya san teburin mai magani a bakin kasuwa ko tasha, da ƙullin ƙwayoyi kala-kala da ake cewa na ciwon jiki. Diklofenak da ibuprofen suna rage ciwo, kuma likita na iya rubuta su na ɗan lokaci. Shan su kullum wata da watanni yana iya jawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, yana wahalar da ƙoda, yana ta da hawan jini. Haɗarin ƙodar ya fi yawa a lokacin bazara, sa'ad da jiki ke zubar da ruwa. Mai juna biyu kuwa bai kamata ta taɓa su ba sai da izinin likita. Tramol ba ya bukatar dogon bayani, mun ga abin da ya yi wa samarinmu. Mutane da dama ciwon baya ne ya fara kai su gare shi, don su iya ƙarasa aikin yini.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan jinyar daɗaɗɗen ciwon baya ba tare da tiyata ba. Abubuwan da ta amince da su sun haɗa da ilimantar da mai ciwo, tsararren motsa jiki, tausa da gyaran gaɓoɓi da hannu, taimakon masana halayyar ɗan Adam, da magunguna irin su diklofenak cikin taka-tsantsan. Waɗanda ta ce kada a mayar da su maganin yau da kullum sun haɗa da dangin tramol, da ɗamarar baya, da jan baya da na'ura, da na'urar lantarkin da ake manna wa fata. A duba wannan jeri na biyu da kyau. Kusan duk abin da muke kashe wa kuɗi yana cikinsa.

Abin da hannu ke iyawa

Mu Hausawa ba baƙin tausa ba ne. Muna da maɗora, muna da tsofaffi mata masu tausa, muna da wanzamai masu ƙaho, kuma mutane ba don wauta suke zuwa wurinsu ba. Suna zuwa ne don suna samun sauƙi, kuma a can ana zama da su, a saurare su, a taɓa wurin da ke ciwo. Hannun da ya iya aiki yana sassauta tsokar da ta ɗaure, yana kwantar da jijiyoyi, mutum ya tashi ya ji wasai. Kine ma yana yin wannan, tare da ilimin sanin inda za a danna da inda ba a dannawa.

Amma sauƙin na ɗan lokaci ne, kwanaki ko ƴan makonni. Ƙarar ƙas da ake ji in an murɗa baya ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa, iska ce a cikin ruwan gaɓar, irin wadda ake ji in an ja yatsa. Wanda ya ce maka ƙashinka ya goce, sai ka riƙa zuwa duk mako yana mayar da shi, ya sayar maka da tsoro, kuma kai za ka yi ta biya. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, NICE, tun 2016 ta ce a yi aikin hannu ne kawai a haɗe da motsa jiki. Amfanin tausa shi ne ta rage ciwon har mutum ya samu ƙarfin halin motsawa. In an tsaya a kanta, an share fili ne ba a yi shuka ba.

Malamai sun fi kowa fahimtar wannan. Wane yaro ne ya taɓa iya raba lissafi don kawai ya zauna yana kallon mushe yana yi a tablo? Sai ya ɗauki alli da kansa, ya yi kuskure a gyara masa, ya koma gida ya maimaita. Baya ma haka yake koyo. Saboda haka a auna kine da ma'aunin da ake auna malami. Na ƙwarai zai tambaye ka aikinka da barcinka da abin da ciwon ya hana ka yi. Zai sa ka duƙa, ka taka, ka ɗaga ƙafa yana kallo. Zai yi maka bayani da harshen da kake ji. Zai zaɓar maka motsi uku ko huɗu, ka yi a gabansa ya gyara maka, ya ce ka je ka yi kullum. In ka dawo zai tambaye ka aikin gida, ya ƙara maka mai wuya. Tun farko kuma burinsa ranar da za ka daina bukatarsa. Wanda kuwa zai kwantar da kai ƙarƙashin fitila mai zafi ya fita, ya rubuta maka zuwa ashirin ba tare da ya koya maka komai ba, wannan malamin da ke cika tablo da rubutu ne ya fita shan shayi.

Motsin ba ya bukatar kayan aiki, tabarma ta isa. Kwanciya rigingine a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. Kafa ƙafafu a ƙasa a ɗaga ƙugu sama a sauke a hankali. Durƙusawa da hannu da gwiwa a lanƙwasa baya sama da ƙasa. Tsayawa da hannu a ƙugu a ɗan karkata baya. Bincike bai nuna wani salo ya yi wa sauran fintinƙau ba, wanda mutum zai ɗore a kansa shi ne ya fi. Tafiyar ƙafa ma tana ciki. A 2024 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ostareliya da mutum 701 da ba su daɗe da farfaɗowa daga ciwon baya ba. Rabinsu kine ya tsara musu tafiyar ƙafa tare da bayani, a zama shida cikin wata shida. Waɗannan sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki, sauran kuwa kwana 112. Ɗan ciwo a lokacin motsi ba alamar ɓarna ba ce, muddin ya lafa zuwa washegari. In ya ƙi lafawa a rage, kada a daina. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu ja da wannan magana

Wata za ta ce: ni da nake daka, nake jido daga famfo, ga goyo, wane motsa jiki kuma za a koya mini? Maganarta tana da ƙarfi. Amsar ita ce aikin gida yana maimaita motsi ɗaya ne da kaya mai nauyi, ba hutu, ba canji. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ban da nauyin ita jarkar. Ga irin wannan baiwar Allah, aikin kine shi ne ya duba yininta tare da ita: a raba ruwan gida biyu, a riƙe kaya kusa da jiki, a ɗora bahon wanki a kan wani abu mai tudu, a tsinka dogon duƙo da miƙewa, a ƙarfafa tsokar da aikin ba ya taɓawa. Sauran maganin kuma yana wurin maigida da samarin gidan, waɗanda ke zaune a fada ana ta zuba shayi, uwa na jan guga. Malamin da ke gyaran kaye saba'in ko tamanin a duƙe a kan tabarma, nasa gyaran shi ne ya samu tebur, ya riƙa tashi duk rabin awa ya ɗan taka.

Wani kuma zai ce kine sai Yamai ko Damagaram ko wani babban asibiti, malamin da aka tura ƙauye a yankin Dakoro ko Tanut ina zai gan shi? Ga kuɗin mota, ga na zama, alhali ƙwaya da ƴan daloli ake sayenta. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce babbar matsalar. Amma in aka fahimci cewa koyarwa ake zuwa nema, lissafin yana sauyawa. Zuwa kaɗan a lokacin babban hutu, a koyi motsin da kyau, a rubuta ko a ɗauka a waya, ya fi zuwa ashirin na kwanciya. In kuma aka tara kuɗin ƙwayar shekara uku da na hoto da na ɗamara, aka haɗa da kwanakin da aji ya zauna babu malami, za a ga arahar ƙwayar ta baki ce kawai.

Lokacin da ba a tausa, asibiti ake nufa

Duk abin da ya gabata ya shafi taran nan ne cikin goma. Ɗayan da ya rage shi ne dalilin da ya sa ya kamata ma'aikacin lafiya ya fara duba mutum kafin kowa ya ɗora masa hannu. In ciwon baya ya zo da riƙewar fitsari, ko kuɓucewar fitsari ko bayan gida, ko mutuwar fata tsakanin cinyoyi da wajen zama, ko ƙafa tana rasa ƙarfi tana ja, to a tafi babban asibiti a ranar, domin jinkiri na iya barin mutum da nakasa. In ya zo da zazzaɓi, da rama, da gumin dare, a tuna cewa tarin tibi yana kama ƙashin baya, haka ma cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba. Murɗa irin wannan bayan ganganci ne. Wanda ya faɗo daga moto ko itace, da tsohon da ya faɗi, da wanda ya taɓa yin ciwon daji, da mai sikila, da wanda ciwon ya zo masa da zafin fitsari, duk likita za su fara gani. Yaron da ke kukan baya har ya hana shi barci shi ma a kai shi a duba. Kada a rufe komai da kalmar basir ko sanyi a yi ta shan jiƙo. Maɗorin da ya san iyakarsa ya tura mutum asibiti ya cancanci girmamawa fiye da wanda ba a taɓa kawo masa abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Abin da ya rage mana

A watan Mayu na 2023 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri cewa ƙasashe su shigar da aikin farfaɗo da jiki cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin ƙasa. A wurinmu ma'anar wannan ita ce kine a asibitin kowace gunduma, da horar da ma'aikatan CSI su iya tantance alamomin haɗari, su koyar da motsi kaɗan, maimakon rubuta ordonansi ɗaya ga duk wanda ya dafa ƙugu. Ƙungiyoyin ƙwadagon malamai su sa wannan a cikin bukatunsu, domin malamin da bayansa ya kwantar da shi, yara sittin ko fiye ne suka rasa darasi. Kafin nan akwai abin da ba ya jiran gwamnati. Masu shirya taron CAPED na iya gayyato kine ya yi wa malamai awa biyu. Kwamitin iyaye da ƙungiyar uwaye na iya yin haka a harabar lakwal. Direkta na iya hana a mayar da awar wasanni awar ramuwar lissafi, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya minti 60 na motsa jiki a kullum ta ce yaro yana bukata, babba kuma aƙalla minti 150 a mako.

Iyaye kuma mu lura da darasin da muke bayarwa ba da sani ba. Yaron da ake aika kullum ya sayo na ciwon jiki a tebur ya riga ya haddace cewa ciwo ƙwaya ake jefa masa, kuma ranar da nasa ya zo ya san hanyar teburin. Ƴar da ake ɗora wa jarkar da ta fi ƙarfinta tun tana shekara tara ita ma tana koyon cewa ciwon baya rabon mace ne, haƙuri ake yi da shi. Gara su tashi suna ganin baba yana shimfiɗa tabarma da safe yana yin abin da kine ya koya masa, inna tana zagaya unguwa da maraice tare da maƙwabciyarta.

Ga mai fama da bayan yanzu, shawarata ita ce a je a duba a tabbatar babu alamar haɗari. Sannan a nemi kine, a gaya masa tun a zaman farko cewa koyo aka zo yi, ya bayar da aikin gida. A ba abin wata uku ana yi kullum, ranar daɗi da ranar wuya, kafin a yanke hukunci. Mai yiwuwa ciwon ba zai ɓace ɗungurungum ba, amma mutum zai iya komawa tsayuwarsa gaban tablo, ya yi ruku'u da sujada, ya ɗauki jikansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya.